Wankin mota a Yamai: shawarar waya da ta bakin bokiti

Duk mai mota a Yamai yana da malamai da yawa a kan yadda zai wanke ta, kuma galibinsu a cikin wayarsa suke zaune. Ko a rukunin WhatsApp na ƴan unguwa ne, ko na abokan aiki, ko na dillalan motoci, ba a rufa mako sai wani ya turo bidiyon yadda ake mayar da tsohuwar fitila sabuwa da man goge baki, ko muryar wani bawan Allah yana rantsuwa cewa cokali biyu na kalanzir a ruwan wanki ya fi duk wani mai da ake sayarwa a butiki. Ni ba wanki ne sana'ata ba. Tuƙi na daɗe ina yi, yanzu kuma hayar motoci nake bayarwa ga masu biki da baƙin da ke zuwa taro, saboda haka ƙyallin mota a wurina kuɗi ne. Motar da ta dushe, ko da injinta lafiya lau yake, uwar amarya ba ta son ganinta a gaban jerin gwano. Shi ya sa nake sauraron waɗannan shawarwari da kunnen wanda zai biya mai fenti in abu ya ɓaci.

Shawarar waya kullum minti na farko take nuna maka. Ga fitila rawaya, ga hannu yana gogawa, ga ta ta yi fes, bidiyo ya ƙare. Ba wanda ke dawowa bayan bazara ya ce, ƴan uwa ku ga yadda fitilar nan ta koma. Ko ya dawo ma, saƙonsa nutsewa zai yi tsakanin barka da Juma'a, sanarwar rasuwa da tallar fili a bayan gari. Can gaba wani sabon shiga ya sake tambayar, a sake ba shi amsar, wanda ya fi kowa saurin danna waya shi ne malamin ranar. A sha'anin fenti kuwa ɓarna a hankali take fitowa. Ranar da aka yi ta ma motar ta fi kyau.

Ya kamata mutum ya san abin da yake gogewa tukuna. Fentin motar zamani hawa-hawa ne. Akwai na ƙasa mai kama ƙarfe ya hana tsatsa, akwai launi, sannan a sama akwai barni, wanda ba shi da launi. Shi ne mai ƙyallin, shi ne kuma ke tare hasken rana kada ya ƙona launin. Yadda mota ke fitowa daga kamfani, kaurinsu duka galibi tsakanin mikron 100 ne zuwa 150, barnin shi kaɗai wajen 40 zuwa 50. Mikron 1000 ne ke ba da milimita 1, silin gashin kai kuwa wajen mikron 70 ne. Ke nan abin da ke tsakanin motarka da dushewa bai kai kaurin gashi ba, kuma in ya tafi ya tafi. Duk wanda ya ɗora injin gogewa a kai, ɗan wani abu yake kankarewa. Ranar da ya ƙare sai ka ga rufi da kapo sun fara saɓulewa fari-fari. Ku duba motocin da ke tsaye a bakin Katako ko tashar Wadata da tsakar rana, daga sama ciwon yake farawa, inda rana ta fi duka.

Sai ƙura. Daga Nuwamba zuwa wajen Maris hunturu na kawo mana hazo daga arewa maso gabas, kaso mai yawa daga kwarin Bodele na arewacin Chadi, inda dā tafki ne ya ƙafe. Wannan mai laushi ce, ita ke shiga ko'ina har cikin akwatin takardun mota. Wadda ta fi cin fenti ita ce tamu ta gida: rairayin lungunan Banifandu da Talaje da ba su ga gudro ba, da jar ƙasar da ake zuba wa hanyoyi. Rairayi ƙwayoyin dutse ne. A ma'aunin tauri na Mohs, mai hawa 1 zuwa 10, yana kan 7. Gilashin mota wajen 5 da rabi yake. Barni kuwa dangin roba ne, can ƙasa yake kusa da farce. Abin da ke iya zana gilashi, me zai bar wa barni?

To ku tuna abin da ake yi kowace safiya a ƙofar gidaje daga Yantala har Saga. Mai gadi ko yaron gida ya ɗauko busasshen tsumma, tsohuwar riga ce ko yagaggen tawul, ya bi mota yana kaɗawa yana gogewa don maigida ya fito ya tarar da ita tsaf. Da kyakkyawar niyya yake yi, Allah ya ba shi lada. Amma aikin nasa daidai yake da na mai darzar gindin tukunya da yashi, sai dai ita tukunya don haka aka yi ta. Ka tsayar da mota mai duhun launi a rana, ka duƙa ka dube ta ta gefe: waɗannan ƴan siraran zobba da ke kewaye hasken ranar, sawun tsumma ne. Ban taɓa ganin wannan magana ta zagaya a waya ba, don ba ta da abin nunawa. Wa zai ɗauki bidiyon motar da aka bari da ƙurarta har a sami ruwa? A gidana doka ce, ba a taɓa jikin mota da busasshen abu. Gilashi ma sai an watsa masa ruwa. Maƙwabta na ganin mota da ƙura su ce rowa ce ta hana ni biyan mai wanki. Su ce.

Man goge baki yana aiki, kuma nan wahalar take. Fitilun motocin da aka ƙera daga shekarun 1990 zuwa yau yawancinsu ba gilashi ba ne, wata roba ce mai ƙarfi da aka shafa wa siririyar kariya daga rana. Kariyar ce ke ƙonewa ta koma rawaya. Man goge baki na da ɗan gari mai kaushi a ciki, sai ya kankare saman, fitila ta yi haske. Amma robar ta zama tsirara ke nan, ranar Afrilu kuwa ba ta wasa. Ba a daɗe ba ta koma yadda take, wani lokaci har ta fi dā muni. Gyaran gaskiya shi ne a bi ta da samfefa ta ruwa daga mai kaushi zuwa mai laushi, lamba 800 ko 1000 har zuwa 2000 ko 3000, a goge, sannan a fesa mata sabon barni mai tare rana. Fesawar nan ita ce rabin aikin, ita ce kuma ake yankewa a bidiyo.

Kalanzir da gazuwal a ruwan wanki maiƙo suke bari, maiƙon ne ake gani a ce ƙyalli. Maiƙo kuwa ƙura yake kira, kafin ka haye gadar Kennedy ta manne. Suna kuma cinye duk kakin da aka shafa wa mota, su lalata robobin bakin gilashi da na ƙofa. Wuri ɗaya na yarda da kalanzir: in gudro ya fallatsa a ƙasan ƙofa bayan an bi sabon titi, a ɗiga kaɗan a tsumma mai laushi, a narkar da shi, a wanke wurin nan take da sabulu. Man birki kuwa da wasu ke shafa wa taya don ta yi baƙi ƙirin, wannan ban san wa ya fara shi ba, Allah ya shirye shi. Man birki na yau da kullum, DOT 3 da DOT 4, cin fenti yake yi. Kowane makanike ya sani, in ya zuba masa a jikin mota da gudu yake neman ruwa. Sai ga shi an shafa a taya, taya na juyawa tana watsa shi a gefen mota.

Wani abin kuma, a waya ba ka san wa ke magana ba. Mutumin da ya fi kowa yabon wani mai, sau da yawa katan-katan ɗinsa ne jibge a bayan motarsa. Ba laifi ba ne mutum ya tallata kayansa, amma ya ce talla ce. Yanzu abin da ake yayi shi ne seramik, kwalba ƴar ƙarama an rubuta 9H da manyan baƙaƙe, ana cewa da ka shafa mota ta fi ƙarfin ƙura. Wannan 9H ɗin ma'aunin taurin fensir ne, ba na Mohs ba, kuma bakin fensir komai taurinsa bai kusa da rairayi ba. Seramik na gaskiya yana da amfaninsa: ruwa na zamewa, datti ba ya kamawa sosai, wanki na sauƙi, kuma ya fi kaki daɗewa nesa ba kusa ba. Amma kaurinsa mikron 1 ne ko 2, busasshen tsumma zai zana shi yadda yake zana barni. Kuma sai an wanke, an goge duk wani zane, an shafa shi a rufaffen wuri marar ƙura, an bar shi ya bushe. Wanda ya ce zai yi maka shi a bakin titi a watan Janairu, ƙurar zai rufe maka a ciki ka yi ta yawo da ita.

Kada a ce na yi wa rukunonin WhatsApp ɗin nan rashin adalci. Akwai abin da ba wanda ya kai su. In kana neman inda ake sayar da tawul na mikrofiba, wato mai laushin nan na goge mota, mai kyau yau-yau, ko wane wajen wanki ne ke da ruwa da kuran a wannan yammacin, ko nawa ake biyan wankin kujeru yanzu, minti kaɗan ka sami amsa. A daminar 2024, lokacin da ruwa ya yanke hanyoyin fita daga Yamai, daga can muke jin inda za a bi da inda ba a bi, kafin rediyo ta faɗa. Labarin yau suka iya. Amma bayan ruwan, da aka shiga tambayar yadda za a yi da motar da ruwa ya shiga cikinta, sai aka koma turare da feshin ƙamshi. Alhali ruwan a ƙarƙashin kafet yake kwance, cikin soson da ke manne da ƙarfe, inda wayoyin lantarki ke bi. Sai an kwance kujeru, an ɗaga kafet, an shanya. Mutanen Harobanda da suka ga ambaliyar 2020 sun san wannan, sai dai wanda ya sani ba shi ne mai yawan magana ba.

Dalilan abubuwa, wato me ya sa ake yin kaza a bar kaza, na fi samunsu a dogayen rubuce-rubucen da masu wannan sana'a na Turai da Amurka ke yi. Su mutum zai shafa abu a rabin kapo ya bar rabi, ya dawo bayan watanni ya nuna bambancin. Daga wajensu na ɗauki bokiti biyu: ɗaya na ruwan sabulu, ɗaya na zallan ruwa da za ka ɗauraye soso kafin ka mayar da shi cikin sabulu, don yashin da ka kwaso ya zauna a gindin bokiti, kada ya koma jikin mota. Daga wajensu na san cewa garin sabulun wanki irin su Omo da Klin ma'aunin pH ɗinsa, wato ma'aunin tsami da kanwa wanda 7 ne tsakiyarsa, wajen 10 ne ko fiye, don an yi shi ne ya narkar da maiƙon tufa, na mota kuma kusa da 7 yake. Wanki ɗaya da garin sabulu ba ya kashe fenti, kada a tsorata mutane. Amma yana ɗauke kaki, yana mayar da baƙaƙen robobi toka-toka, kuma ƙwayar da ba ta narke ba ita ma zane take yi.

Sai dai su ma da ido biyu ake karanta su. Rabin damuwarsu gishirin da ake zuba wa titi lokacin ƙanƙara ne. Suna da garejin da ke rufe, da tiyo mai ruwa ba yankewa. Suna son kakin karnuba, wanda ake samu daga ganyen wani irin giginya na arewa maso gabashin Brazil, kuma gaskiya yana ba baƙar mota kyau. Amma a nan, inda zafi ke haura digiri 40 a inuwa a Afrilu da Mayu, ƙarfen baƙar mota kuma ya kai 70 ko ya wuce, makonni kaɗan yake yi ya gudu. Irin wanda ake haɗawa a kamfani ya fi jure mana. Kuma mutumin da ke sayen ruwa jarka-jarka a hannun ga-ruwa ba zai iya bin wanda ke sakin tiyo rabin awa ba.

Maganar gishirin nan ta shafe mu ta wata hanya. Yawancin motocinmu tsofaffin Turai ne, dā ta tashar Kwatano suke shigowa su haye ta Gaya, tun rufe iyakar Benin a 2023 kuma aka koma bi ta Lome da Burkina. Sun sha gishirin can kafin su zo, da yawa kuma an taɓa sake musu fenti a wani gefen. Ƙofa ɗaya fentin kamfani ne, ta kusa da ita na gareji ne, mai kauri amma marar ƙwari. Wasu tsofaffin farare da jajaye ma ba su da barni sam, launin ne kai tsaye. In ka goga mai a farin tsumma ka ga launin mota ya fito a kai, to irinsu ce. Duk wanda ya ba ka shawarar gogewa bai tambaye ka wace mota ce ba, bai kuma ɗora hannu a kanta ba, harbin iska yake yi.

Mai ɗora hannun nan, a wurina, wani dattijo ne da ke wanki a gefen wani gidan mai kusa da unguwarmu. Baba nake ce masa, shi kuma ya ce mini Alhaji. Bai iya karatun boko ba, wayarsa ƴar ƙarama ce ta kira, amma motocin unguwa ya san su tun suna amare. Ya san wadda aka sake wa fenti, ya san wadda maigidanta ke ajiyewa a gindin bedi, ya san wadda yara ke rubutu da yatsa a kan ƙurarta. Ya kan shafa bayan hannunsa a kapo bayan wanki ya ce, Alhaji, wannan ta fara kaushi, an ajiye ta kusa da masu gini ko masu walda. Ka bincika ka tarar haka ne.

Rannan na kawo masa wata baƙa da azahar, ana jirana da ita wajen ɗaurin aure. Ya taɓa rufin, ya janye hannu.

"Alhaji, ka shigar da ita inuwa ka je ka yi salla. In na zuba mata ruwa yanzu, kafin in zagayo ta bushe, tabon da zai fito ba ni zan iya cire shi ba."

"Baba, ana jirana."

"Amarya ba ta gudu. Je ka dawo."

Gaskiyarsa. Ruwa in ya bushe a kan ƙarfe mai zafi, gishirin ƙasan da ke cikinsa, su alli da danginsa, nan yake zama fari-fari, zafi kuma ya gasa shi cikin barni. Ruwan famfon Yamai da ake tacewa daga kogi a Gudel da sauƙi. Na foraj a wasu unguwannin bayan gari ya fi barin tabo. A wajenmu kuwa, yankin Tawa, ƙasar dutsen farar ƙasa ce, shi ya sa ma masana'antar siminti take Malbaza. Akwai rijiyoyin da in ka wanke gilashi da ruwansu ka bari ya bushe, sai ka nemi ruwan tsami, wato binegar, ka sirka kafin ya fita. Saboda haka wanki da sassafe ne ko bayan la'asar, a inuwa, daga sama zuwa ƙasa, a share ruwan da tawul mai tsabta tun bai bushe da kansa ba.

Amma Baba ma ba waliyyin wanki ba ne, kuma na faɗa masa a gabansa. Da Omo yake wa kowa wanki sai wanda ya zo da sabulunsa. Soso ɗaya ne daga taya har rufi, in ya faɗi ƙasa a karkaɗe a ci gaba. Yaransa na son watsa wa inji ruwa da injin feshi ba tare da sun rufe komai ba, motocin yanzu kuwa cike suke da wayoyi da ƴan kwamfutoci. Da na yi masa maganar bokiti biyu sai ya yi dariya.

"Alhaji, jika ɗaya ake ba ni. Ruwan saye nake yi, sabulu saye nake yi, yaran nan kuma sai sun ci. Mai taksi in na tsaya yi masa bokiti biyu, gobe ba zai dawo ba."

Ban iya musa masa ba. Ba rashin sani ke sa shi ba, farashi ne da gaggawar masu mota. Mu ne ke son a gama kafin shayi ya huce, mu ne kuma ke duba ƙyalli kawai mu biya. Maslahar da muka yi ita ce nake ajiye nawa kayan a bayan mota: bokiti, sabulun mota, safar wanki ta mikrofiba, tawul na jiki dabam, tsumman taya dabam. Ina ƙara masa kuɗi a kan abin da ake biya, shi kuma ya fara da watsa ruwa sosai har yashi ya sauka kafin hannu ya taɓa. Yaransa na ce wa motocina "masu ka'ida". Tawul ɗin kuma ni ke kai su gida a wanke su su kaɗai, don mikrofiba in ta kwashi yashi ta fi tsohuwar riga ɓarna.

Cikin mota ba zan tsawaita ba. Man ƙyallin da ake fesa wa tabulo har ya yi santsi, a bari: yana kama ƙura, yana kuma jefa haske a gilashin gaba ya kashe wa direba ido. Ɗanyen tsumma ya isa, sai abin tare rana a gilashi duk lokacin da aka tsaya. Gilashin da aka manna wa baƙar leda ba a goge shi da ruwan da ke da amoniya. Matatar iskar kilim, wadda a motoci da yawa take bayan akwatin takardu, a riƙa duba ta a ƙarshen hunturu. Da yawa ba su san tana nan ba sai sun kai mota a ƙara gas a banza.

Duk lokacin da na yi hanyar gida, Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, a karkata ta Tsarnawa zuwa Tawa, abin da na fi gaggawar cirewa in na isa shi ne ƙwarin da suka mutu a gaban mota, musamman da damina in an yi tafiyar dare. Su da kashin tsuntsu da na jemagun da ke kwana a manyan itatuwan tsakiyar Yamai tafiyarsu ɗaya: suna da tsami, rana na gasa su, a yini ɗaya su bar tambari a barni. Ba a kankare su da farce. Jiƙaƙƙen tsumma ake ɗorawa a kai ya ɗan jima, su yi laushi, a ɗauke. Ina yawo da gorar ruwa a mota saboda wannan kawai.

Inda har yau muka kasa daidaitawa da Baba shi ne maganar tampol. Shi a wurinsa mota in ba ta da rumfa a rufe ta, don rana ce babbar abokiyar gaba, ya ga rufin motoci da yawa sun saɓule a gabansa. Ni kuma na ce tampol a kan motar da ke da ƙura, ga iskar hunturu na kaɗa shi dare da rana, shi ma gogewa yake yi, kuma na ga kafaɗun motocin da ya cinye wa ƙyalli, daidai inda yake bugawa. Sai in an rufe ta ne da fitowarta daga wanki, da mai laushin ciki, an ɗaure shi tamau. Wanda ke fita da mota kullum kuwa ba zai iya wannan hidima ba. Wadda nake ajiyewa sai ranar biki ita nake rufewa yadda ya ce. Na yau da kullum kuma na kafa musu rumfar kwano a tsakar gida, kuɗinta bai kai na sake wa mota ɗaya fenti ba. Baba ya zo ya gani, ya ce ta yi, amma gefen yamma a buɗe yake, ranar la'asar za ta riƙa samun bayan motar, in sa a kafa zana a wajen kafin Maris.